Kabejin da Umma ta wanke

Kai da ke kunna fitila a Seoul, sau nawa ka hango dogayen bututun hayaƙin nan huɗu a hanyarka ta zuwa bakin teku, ka kau da kai? Wutar ɗakinka daga tsibirinmu take fitowa. Ƙurar kwal ɗin kuwa a gonar mahaifiyata take sauka.

Ranar Talata majalisar gunduma ta sa zama: ko a ƙara wa tashar kwal shekara goma, ko a rufe ta a kafa injinan samar da wuta da iska a cikin teku. Minti biyar aka ba mutanen tsibiri, ni aka tura don na yi jami'a. Da safe na yanko kabeji uku a gonarmu. In ka buɗa ganyen, baƙin gari ne kwance a kowane saƙo. Na ajiye su a kwando bakin ƙofa, na tafi karɓo takardun awon ƙura.

Ranar haɗa kimchin hunturu ce, wato kabejin da ake tsimawa da gishiri da barkono, matan unguwa sun cika tsakar gidanmu da robobi. Na dawo na tarar da kwando wayam.

"Umma, ina kabejina?"

"Ga su can, tas. Ruwa bakwai na yi musu."

"Wankewa kika yi?"

"To da fa? Ki kai abinci da datti gaban manya, a ce 'yar gidan wa ce? Har gishiri da barkono na sa musu."

"Dattin ai shi ne shaidar, Umma!"

Inna Pil-sun, maƙwabciyarmu, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Malamar jami'a! Shekara ashirin muna wanke shaidarki muna ci, ga mu nan daram."

"Mijinki fa, Inna? Me ya cinye masa huhu?"

Umma ta ɗaka min duka a kafaɗa.

Na ruga gona. Kututture kawai na samu, a tamu da ta maƙwabta, don a wurinmu rana ɗaya ake girbewa a wanke tare. Jirgin ruwa kuma ba ya jira.

A zauren, wakilin kamfanin ya yi magana a natse: iska takan tsaya, rana takan faɗi, kwal ba ya hutu, kuma ya fi araha. Na ce araha ga wa? Injin iska ba ya sa tsohuwa tari. Na karanta alƙaluma, wani ɗan majalisa yana hamma. Kujerun jama'a tamanin, mu shida ne.

"Ina ƙurar, 'yata?" in ji shugaban zaman. "Nuna mana."

Sai ga Umma ta taso daga baya, ta rusuna, ta miƙa robar kimchinta da hannu biyu, don ba a zuwa wurin manya hannu rabbana. Shugaban ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Ƙasar da ta fid da wannan lafiyarta ƙalau."

Aka yi dariya. Umma ta ji daɗi har kunnuwanta suka yi ja. A jirgi ta yi ta tari cikin hankici tana ɓoye min shi.

Ran sha huɗu ga wata za su kaɗa ƙuri'a. Kada ka aiko min da saƙon tausayi. Ka hau motar ƙarfe bakwai, ka zo zauren, ka zauna inda za su ga fuskarka, ka tashi ka ce musu wutar ɗakinka ce, kuma ba ka son ta a haka.