Taurarin Ɗakin Madam Hruska

Wendell Sizemore bai taɓa ganin mutumin da suke karɓa-karɓar gadon kwana da shi ba, amma ya tsane shi tsana ta gaske. Sunansa kawai ya sani, Dombek, shi ma don an rubuta a jikin akwatin robar da ke cikin kabad, kusa da nasa.

Abin da ya haɗa su ɗakin ƙasa ne a gidan wata tsohuwa, Madam Hruska, a Cincinnati. Dombek na kwana daga Litinin zuwa Alhamis, ya yi aikinsa na gyaran gada, ya koma wurin iyalinsa a Kentucky. Wendell kuma nasa Juma'a zuwa Lahadi ne, sau biyu a wata. Shi a Toledo yake, yana gyaran na'urar ɗumama gidaje, kuma ba don 'yarsa Junie ba, babu abin da zai kawo shi garin nan. Bayan aurensu ya mutu, tsohuwar matarsa Loretta ta ɗauke yarinyar ta dawo kusa da mahaifiyarta. Alƙali ya ce uba na da ƙarshen mako biyu a wata, amma yarinya ba za ta kwana wurinsa ba sai yana da tsayayyen wuri mai gadonta, ban da otal. Faɗa da baki ba wuya, sai ka ce a bakin titi ake tsintar ɗakin da za a ba mutum kwana biyu-biyu.

Ya nema har ƙafarsa ta gaji. Masu gida duk mai zaman wata cur suke so. Wani ya ce ba ya karɓar yara. Wata ta nuna masa kujerar falo kusa da kejin karenta, ta kuma faɗi kuɗi ko kunya babu. Saboda haka ranar da Madam Hruska ta ce to, saura kaɗan ya durƙusa mata.

Dokarta ɗaya ce: mai fita ya bar ɗaki kamar ba a taɓa shigarsa ba. A cire zanen gado, a kwashe komai a zuba a akwati, a danne murfi.

"Kowa ya shigo ya ji ɗakinsa ne shi kaɗai," in ji ta.

Loretta kuwa ran da ta fara kawo yarinyar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa bangon kallo.

"Wannan ɗakin 'yarka ne ko wurin jiran likita? Ko hotonta babu. In haka ne gara ta riƙa yini ka dawo min da ita da yamma."

Haka ya zama tsakanin mata biyu, ɗaya na so a ga alamar yarinya, ɗaya ba ta so a ga ko gashinta. Duk Juma'ar da ke tasa sai ya riga su isowa ya shimfiɗa bargo mai hoton dawaki, ya jera 'yan tsana, ya jingina hotuna a kan tebur, ya hura katifar iska da shi yake kwana a kai. Lahadi su kwashe. Junie, mai shekara bakwai, ita ke saka burushin haƙorinta a ƙarshe. Ba ta yarda ta tafi da shi gida. Sai ta kwantar da shi a kan bargon ta ce masa, "Kar ka je ko'ina, zan dawo," sannan a rufe akwati.

Duk da haka ba a rasa ƙorafi. Da mako ya kama sai Madam Hruska ta bugo waya. Mista Dombek ya tsinci ƙyalli a kafet. Mista Dombek ya ce matashin kai na ƙamshin man gashin yara. Mista Dombek ya taka ɗan kunnen roba. Wendell sai ya haɗiye abin da ya taso masa ya ce, "To Madam, a ba shi haƙuri." In ya ajiye wayar kuma ya zagi Dombek tun daga kansa har kakanninsa.

Sai ga zancen taurari. A makaranta aka ba Junie su, 'yan taurarin roba masu haske in an kashe fitila. Ta hau gado ta manna su a silin, wanda dama bai da tsawo. Ranar Lahadi ta riƙe masa hannu.

"Baba, su kam a bar su. Don Allah. Ai ba a ganinsu."

Ya ɗaga kai. Gaskiya ne, in da haske kalarsu ɗaya da fentin. Ya bar su.

Talata Madam Hruska ta kira. Muryarta a sanyaye, irin sanyin da ya fi faɗa ciwo. Wai Mista Dombek ba ya iya barci, abubuwa na ƙyalli a kansa. Ita ta gaji da shiga tsakani. Akwai wata nas da ke neman ƙarshen mako, kuma ba ta da yara.

Kusan mako biyu ya yi yana dafuwa. Ranar Juma'a ya bar aiki da hantsi, ya kama hanya yana magana shi kaɗai yana dukan sitiyari. Ƙato da shi, mai hawa saman gada, taurarin roba ne za su hana shi barci? Shi da ke komawa gida duk mako ya tarar da 'ya'yansa a ɗakunansu, da hotunansu a bango ba mai cewa a cire? Wane irin mugu ne wannan? Amma in ɗakin ya tafi, kwana ya tafi, sai dai su koma zaman gidan abinci shi da Junie suna kallon agogo.

Yana isa ko jaka bai ajiye ba. Ya hau gadon da takalminsa, ya zaro wuƙar aikinsa ya shiga kankare taurarin. Wasu na fitowa da fenti, bai damu ba. Ya ga kamar sun fi yadda ya bar su yawa, har da wani babban wata a tsakiya da bai tuna ba, amma fushi bai bar shi ya tsaya tunani ba. Ya kankare tas ya cusa su a aljihun wando.

Yana saukowa aka turo ƙofa. Wani dattijo ne gajere mai furfura, da hular aiki a hannu.

"Af, yi haƙuri ɗan'uwa, ban san ka iso ba. Maganin hawan jinina na manta, sai da na yi nisa na juyo. Kai ne baban yarinyar?"

"Kai ne Dombek?" in ji Wendell. "To ga silin ɗinka nan, ranka ya daɗe. Sai ka yi barci har ka gaji."

Dattijon ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo.

"Kai, bawan Allah. Me ka yi haka?"

"Me na yi? Ba kai ka ce sun hana ka barci ba?"

"Ni? Ni da na sayo mata babban wata na ƙara? Har da kumatu na yi masa da biro." Ya sauke kai ya dubi Wendell. "Tsaya tukuna. Ba kai ne ka ce takalmina na wari ba? Ba kai ka ce ina barin gashin gemu a wurin wanke fuska ba?"

"Ban taɓa cewa komai a kanka ba. A wurin Madam dai, ban taɓa ba."

A saman bene aka ji takun silifa ya tsaya.

Wendell ya fita bakin matakala. "Madam! Sauko mana, ga Mista Dombek, ki maimaita a gabansa!"

Ba ta sauko ba. Daga sama ta leƙo, ta kama ƙarfen bene da hannu biyu.

"Fentin nan mijina ne ya yi shi kafin ya rasu. In na ce ni ce ba na so, wa zai ji maganar tsohuwa? Ku maza maganar junanku kawai kuke ji."

"Shi ne kika haɗa ni gaba da mutumin da ban taɓa gani ba? Kin san abin da kika sa na yi?"

"Ni ban ba ka wuƙa ba, Mista Sizemore."

Ya buɗe baki zai zazzaga mata abin da ya tara, sai ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Kafin ya yi wani motsi Junie ta gangaro a guje, jaka na dukan bayanta, Loretta na biye da ita.

"Mama zo ki gani! Zo, zo!"

Ta wuce Dombek ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ja labulen 'yar tagar, ta tura ƙofa, ta yi ɗage ta kashe fitila. Ɗakin ya yi baƙi ƙirin.

"Jira, sai ido ya saba," in ji ta.

Suka jira. Loretta ce ta lalubo makunnin ta kunna. Gadon ba zane, bargon dawaki bai fito ba, silin duk tabon wuƙa. Loretta ta juyo ta dubi Wendell, shi kuwa ya gwammace ta zage shi.

"Wa ya cire min?" in ji Junie.

"Ni ne, 'yan mata," Dombek ya yi saurin cewa. "Tsufa ne, haske na damun idona. Ki yafe min."

Junie ta dube shi, sannan ta dubi ubanta, da wuƙar da har yanzu ke hannunsa, da farin fentin da ke gashinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta je kabad ta jawo akwatin, ta ɗaga murfi da ƙyar, ta ɗauki burushinta daga kan bargon ta saka a jakarta, ta ja zif.