Ƙyallayen Ba-Asara

Ba-Asara ya zagaya teburin yanka karo na uku, almakashi a hannu yana ta buɗe shi yana rufewa, ya rasa abin da ke damunsa da ɗakin. Ga bandir shida na baƙin yadi an jera, ga kwalayen awo an rataye, ga alli sabo fil. Sai da Iya mai shara ta jingina tsintsiyarta tana haki sannan idonsa ya sauka ƙasa.

"Ka ga aiki ko?" in ji ta. "Manaja ya ce yana son ya ga fuskarsa a daɓen nan. Na ce fuskar dai ba abin marmari ba ce, amma za a yi."

"Iya, kin taɓa ganin ɗakin yanka babu ƙyalle ko ɗaya a ƙasa?"

"Ni da nake share shi shekara huɗu? Ban da ƙura me kake zubarwa?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi masa zafi. Shekara talatin da biyar yana yanka a masana'antar nan, tun ana ɗinka kayan makaranta da na leburori. A hannunsa ya samo sunan Ba-Asara, don yadin da wani zai fitar da riga goma, shi sai ya fitar da sha ɗaya. Da masu jari daga waje suka sayi wurin, aka koma ɗinka manyan kwat na ƙasashen sanyi, irin wanda in mutum ya sa a nan sai an kai shi asibiti. Kekunan ɗinki suka ƙaru zuwa ɗari huɗu, amma yanka ya mutu. Kayan a yanke suke zuwa cikin kwantena, hannu daban, baya daban, an ɗaure an sa lamba, a nan sai dai a harhaɗa.

Matsalar ita ce, ƙasar da ake kai kwat ɗin ba ta yafe haraji sai in a nan aka yanka, a nan aka ɗinka. Shi ya sa ba a sallami Ba-Asara ba. A takarda akwai sashen yanka, kuma shi ne sashen. Yau da ƙarfe biyu mai bincike za ta zo daga can ta gani da idonta. In ta gane ba a nan ake yanka ba, odar kwat ɗin ta tashi, kekuna ɗari huɗu su yi shiru, har da na Auta, 'yarsa da ke layi na huɗu.

Ya tarar da Manaja a bakin sito yana sa a ɓoye ƙunshin yankakkun kaya bayan kwalaye, waya biyu a hannunsa duk suna kuka.

"Ranka ya daɗe, daɓen can zai tona mu."

"Ba a share ba?"

"An share. Matsalar ke nan. Wanda ya san aikin nan, ƙasa yake fara kallo kafin tebur."

Manaja ya juyo ya dube shi. "To ka je ka daddatse bandir ɗaya ka watsa. Minti goma ne."

"Ƙyalle ba datsa ba ne. Akwai lanƙwasar hammata, akwai zagayen wuya. Sai an yanka kwat na gaske ake samun ƙyallen gaske."

"Baba, don Allah yi duk abin da za ka yi. Ni dai in ga shara."

Wanda ya taɓa ganin Ba-Asara yana jan ƙafa a farfajiya da safe ba zai gane shi ba a wannan awar. Ya shimfiɗa yadi, ya shafe shi da tafin hannu, ya shiga jujjuya kwalaye. Ya cusa kwalin wuya a cikin na hammata, ya kifa na hannu ɗaya kan ɗaya, ya samo wa aljihu gurbi a inda babu gurbi. Almakashin ya kama tafiya da wannan ƙara mai daɗi da ya manta yana kewarta. Har waƙa ya ji yana yi ƙasa-ƙasa. Kwalin ya ce kwat goma, ya fitar da sha ɗaya. Da ya tattara abin da ya rage, duka bai cika tafin hannunsa ba.

Yana cikin kallon 'yan ƙyallayen Manaja ya faɗo ɗakin.

"Ina sharar?"

Ba-Asara ya buɗe hannunsa.

"Wannan? Masana'antar da ke fitar da kwat dubu arba'in a wata, wannan ce shararta? Baba, so kake ka kashe ni?" Ya dubi agogo, ya dubi bandir biyar da suka rage. "Tsibi nake so. Har gwiwa. Ka yi yankan da kowa yake yi, kai, ka yi wanda ya fi na kowa muni."

Ya fita yana amsa waya. Ba-Asara ya zura 'yan ƙyallayen a aljihu, ya tura kwat sha ɗayan ƙarƙashin tebur ya rufe su da yadi. Ya ɗauki alli ya ajiye. Ya leƙa taga, ya dawo, ya wasa almakashin da ba ya bukatar washi. Sha biyu ta yi bai ja layi ɗaya ba.

Da aka kaɗa ƙararrawar hutu Auta ta shigo da gorar ruwa, zare duk ya manne a mayafinta. Mijinta wata bakwai ke nan yana zaune ba aiki, yara uku kuma ba sa jin wannan bayani. Ta kalli daɓen, ta kalli ubanta. A ƙarƙashin teburin nan ta yi rarrafe, ba sai an yi mata fassara ba.

"Baba, ka sha ruwa."

Ya sha. "Kin tuna abin da nake ce miki kan kwali da kwali?"

"Kada tururuwa ta samu hanyar wucewa a tsakaninsu." Ta yi ɗan murmushi da bai daɗe ba. "A layinmu tun safe ba mai magana. Ta kusa da ni allura uku ta karya." Ta karɓi gorar, ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ƙara wani abu, sai kawai ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Baba."

Da ta roƙe shi ma da ya fi masa sauƙi. Ya ja bandir na biyu, ya aza kwali, ya bar faɗin tafin hannu, ya aza wani. Hannun ya ƙi, sai ya ga kwalin ya matso da kansa, ya sake ture shi. Ya yanka. Ƙyalle ya faɗi ƙasa, babba, har da sauti. Kunya ta kama shi kamar an tsare shi yana sata, ga shi ba kowa a ɗakin. Haka ya bi bandir biyar, bai ƙara yin waƙa ba. Kafin ƙarfe biyu baƙin yadi ya rufe masa idon sawu, a gefen tebur kuwa har gwiwa.

Iya ta leƙo, ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, ta ga fuskarsa, ta ja ƙofar a hankali.

Mai binciken 'yar ƙaramar mace ce mai furfura da tabarau, wani tafinta na biye da ita, Manaja na biye da tafinta yana dariyar da ba a ba da labarinta ba. Ko kallon tebur ba ta yi ba. Ta durƙusa ta ɗauki ƙyalle, ta bi lanƙwasarsa da yatsa, ta ɗauko kwalin hammata ta kara. Ya zauna daram. Ta ɗauki wani, ta shinshina allin, ta kama hannun Ba-Asara ta duba kantar da almakashi ya yi masa a babban yatsa. Sannan ta yi rubutu, ta yi magana.

"Ta ce babu shakka a nan ake yanka," in ji tafinta. Manaja ya washe baki.

Amma ba ta gama ba. Ta zaro wani ƙyalle ta ɗaga shi sama da hannu biyu, ta yi doguwar magana tana girgiza kai. Tafinta ya sosa ƙeya.

"Faɗi mana," in ji Ba-Asara.

"Ta ce ubanta ma mai yanka ne. Ta ce ta shiga masana'antu sun fi ɗari, ba ta taɓa ganin ɓarna irin wannan ba. Wannan kaɗai zai yi wa yaro hannun riga. Za ta ba kamfani shawara su kawo injin yanka, su bar tsoho ya huta." Ya yi ƙasa da murya. "Tana tambaya, wai shekara nawa kana wannan aikin, kuma ba wanda ya taɓa koya maka jera kwali?"

Hannun Ba-Asara yana cikin aljihu, ya damƙe 'yan ƙyallayen nan har farcensa ya shige tafinsa. Kwat sha ɗaya suna nan dab da ƙafar matar. In ya ɗaga yadin kawai, 'yar mai yanka ce, kallo ɗaya za ta yi ta san waye shi. Kallo na biyu kuma ta tambayi dalilin da mai wannan hannu zai tara wannan tsibi. Ta gilashin da ya raba ɗakin da zauren ɗinki ya hango layi na huɗu. Kan Auta a sunkuye yake, amma kekenta ba ya motsi.

"Gaya mata shekara talatin da biyar," ya ce. "Gaya mata haka hannuna yake."

Matar ta dube shi da tausayi, wanda ya fi zagin ciwo, ta sa hannu a takardar.

Motarsu ba ta gama fita ƙofa ba Manaja ya dawo yana tafa hannu. "Baba, ka fitar da mu. Iya, kada ki zubar da ko ɗaya. A zuba a buhu a ajiye, baɗi ma za su dawo."

Da aka tashi, Auta ta same shi a tashar bas yana tsaye, ya ƙi zama ko da yake akwai wuri a benci. Labari ya riga ya zaga layuka, ta ji komai, amma ta tambaya.

"Me ta ce, Baba?"

"Ta sa hannu."

Bas ta taho, mutane suka fara turereniya. Ya zaro hannunsa daga aljihu, ya kamo nata, ya juye mata abin da ke ciki.

"Na kwat sha ɗaya ne," ya ce. "Bandir ɗaya."

Auta ta baza su a tafinta da ɗan yatsa. Babu wanda ya kai faɗin yatsa biyu. Ta daɗe tana kallo har kwandasta ya gaji da kira bas ta tashi ta bar su. Sannan ta kama bakin mayafinta, ta zuba su, ta ƙulle sau biyu.