Warƙoƙin Kawu Mijinyawa

Duk wanda bai karanta tsofaffin waƙoƙinmu a bugun masana mai sharhi ba, bai san su ba, jin su kawai ya yi. Haka Malam Halliru, malamin Hausa a wata sakandare ta Ƙaraye, ya faɗa wa abokan aikinsa a shekarar 1987, ranar da ya dawo daga Kano da littafi mai kauri kamar tubali. Wata daɗaɗɗiyar waƙar wa'azi ce, baiti biyu a saman shafi, sauran shafin duk bayanin wani Dokta Abdulsalami.

Da azumi ya kama, ya tafi da shi gida Falgore. A can, shekara arba'in ke nan kawunsa Mijinyawa ke rera wannan waƙar da ka bayan tafsirin la'asar. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da sarauta. Wannan zaman gaban masallaci shi ne girmansa duka.

Kawu na cikin siffanta wuta, Halliru ya ɗaga littafi a gaban jama'a, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ya ce an yi tsallake. A bugun Dokta, ana tsakiyar wuta sai mawaƙi ya faɗa aljanna, ya yi baiti ashirin, sannan ya komo wuta. Har shafi uku Dokta ya cika yana bayyana hikimar wannan tsari. Washegari kwamitin masallaci, ƙarƙashin Alhaji Maikuɗi, ya ce tsufa ya fara taɓa Mijinyawa. Aka ba Lukumanu, wani akawu mai murya, ya riƙa karantawa daga littafi.

Sai da Halliru ya je ba da haƙuri tsohon ya jawo gafaka, ya zaro warƙoƙin ajami na kakansa. Ba a ɗinke su, haka aka gada. A gindin kowace warƙa akan rubuta kalmar farko ta wadda ke biye, don kada a rikita. Kawu ya ce shekara biyar da suka wuce wasu mutanen jami'a sun ari waɗannan takardu, sun ɗauki hotonsu a inji, sun dawo da su a hargitse. Halliru ya buɗe hoton warƙar da aka buga a bangon littafi. Inji ya yanke gindin takardar, kalmar nan ta ɓace, shi ya sa warƙar aljanna ta faɗa tsakiyar wuta.

Halliru ya rubuta wa Dokta wasiƙa mai zafi. Amsa ta zo kafin salla, layi huɗu: an gode, za a duba a bugu na biyu. Ya nufi shagon Alhaji Maikuɗi a Rogo da warƙoƙin a hannu, yana huci, ya baje su a kan buhun taki.

"Malam, kai ka kawo mana littafin nan," in ji Alhaji. "Jiya Dokta ya fi kawunka, yau kai ka fi Dokta. Gobe kuma wa za ka fi?"

Ya ƙara da cewa jama'a ma sun fi son sabon tsarin, don ana samun ɗan hutu a tsakiyar wuta.

Halliru ya komo Falgore yana zagin jami'a, da injinta, da duk mai digirin da bai taɓa riƙe gafaka ba, ya manta da kansa a lissafin. Ya rantse zai cusa littafin a murhu. Kawu ya hana shi. Ya ce an yi masa alkawarin in ya iya tsarin littafi, baɗi za a bar shi ya riƙa karɓar Lukumanu ranar Juma'a.

Ya gyara zama a kan buzu, ya rufe ido.

"Karanto mini, ɗan nan. A hankali. Daga inda suka ce a shiga aljanna."