Ja a Hagu

Duk wanda ya koyi hawan laimar iska, wato tsayawa kan katako a teku laima mai dogayen igiyoyi tana jan mutum, a hannun yayana Agron, a dogon rairayin nan namu na garin Ulcinj, maganar da ya fara ji daga bakinsa ita ce, "Ja a hagu." Sandar da ake sarrafa laimar da ita launi biyu ce, rabi ja, rabi shuɗi. In ka riƙe ta daidai, jan a hannun hagu, laima ta bi hannunka kamar dabbar da ta san mai ita. In ka riƙe ta a juye, ka ja dama ta tafi hagu, kafin ka ankara ta sure ka ta maka da ƙasa. Ya faɗi maganar nan da harsuna iri-iri, ga baƙi na kowace ƙasa, har yaran garin suka mai da ita sunansa.

Ni ce ƙanwarsa, Mirsada. Tare muke riƙe da makarantar, shi a ruwa, ni a rumfa da kaya.

Da sanyin wata shekara, yana sassaben zaitun a gonar mahaifinmu, jini ya buge shi ya faɗi. Allah ya taƙaita, ƙafa ta tashi, hannu ya dawo da ƙarfinsa, baki bai karkace ba. Sai da muka dawo gida daga asibiti muka ga abin da ciwon ya ɗauke. Zan ajiye masa kifi da dankali, ya cinye na gefen dama tas, ya ce in ƙaro. Ya aske rabin gemu ya fito yana fara'a. In na tsaya ta hagunsa na yi magana, sai ya waiga dama yana nemana.

Likitar motsa jiki da ke zuwa duba shi, wata 'yar garin Bar mai suna Jelka, ta ce idonsa lafiya lau. Ƙwaƙwalwar ce ta manta akwai wani abu wai shi hagu.

"Likita, ni fa ban ga abin da ya ɓata ba," in ji shi.

"Ai ciwon ke nan," ta ce.

Ta yi ta fama da shi. Ta jera masa cokula a tebur ya ƙirga, ya ƙirga rabi ya ce ya gama. Ta sa shi ya zana agogo, ya cusa lambobin duka a gefe guda, ya tura mata takardar yana murmushi. Da ta nuna masa sai ya yi fushi, ya ce wasan yara take sa shi. Ta hana shi tuƙi, ta hana shi ruwa.

Da zafi ya shigo muka buɗe makaranta ba shi. Kullum bayan azahar, lokacin da iskar bakin teku da muke kira maestral ke tasowa, sai ya zo ya zauna a kujerar rumfa da kofin gahawa, yana kallon laimomi sun cika sama. Abokinsa Vuko, mai kwalekwalen ceto, shi kaɗai ke iya tsokanarsa.

"Ɗan iska ya zama ɗan inuwa," Vuko zai ce.

"Kai da ko a kwano ba ka iya iyo ba," Agron zai amsa, ba tare da ya ɗago ba.

Ran nan wata ɗaliba 'yar birnin Novi Sad tana shirin tashi. Ta ɗaura ɗamara, ta ba mu baya tana fuskantar teku, mai koyar da ita ya tafi can ƙarshen igiyoyi zai ɗaga mata laima. Ina tsaye ina ninke rigunan roba, ban lura da komai ba. Sai na ji muryar da na yi wata da watanni ban ji ba.

"Kar ka saki. Ajiye laimar nan."

Agron ne a tsaye, gahawa ta zube a rairayi. Ja ya hango a hannunta na dama, wato a rabin duniyar da ya rage masa, inda bai kamata ja ya kasance ba. Ya taka har wurin ɗalibar, ya karɓi sandar, ya ce mata:

"Ƙanwata, kashe kanki za ki yi? Ja a hagu."

Ya juya sandar da hannunsa kamar yadda ya saba, sai ya tsaya cak. Jan ya ɓace masa. Yanzun nan yana gabansa, shi da kansa ya juya shi, kuma babu. Na ga yana kallon shuɗin, ya bi sandar da ido a hankali har tsakiya inda launin ya yanke. Nan ya tsaya, jijiyar wuyansa ta miƙe kamar mai tura ƙofar da ta daɗe a rufe. Sannan kansa ya juya.

Ya daɗe yana kallon hannun da ke riƙe da jan.

"Wannan nawa ne?" ya tambaya, ƙasa-ƙasa.

"Naka ne, Yaya."

Ya ɗago ya dube ni, ta hagu, ido cikin ido. Ya wuce ni da kallo zuwa bakin kogin Bojana da duwatsun Albaniya da ke bayansa, da jerin rumfuna, da mutane birjik a rairayi.

"Duk wannan yana nan tun ɗazu?"

Ɗalibar tana ta kallonmu, ba ta san me ya faru ba, tana ba da haƙuri a kan sanda.

Ba warkewa ya yi ba. Da yamma ya sake buge kafaɗa a ƙofar gida. Amma da na ba Jelka labari sai ta ce in kawo mata sandar. Ta jujjuya ta a hannu, ta ce a asibiti ma sukan ja jan layi a gefen takarda don irin masu ciwonsa, ta gwada masa bai kula ba.

"Layinki ba ya kashe mutum, shi ya sa," in ji Agron.

Daga nan aikinsu ya koma rairayi. Ta yarda ya tashi ƙaramar laima ta 'yan koyo, ƙafarsa a ƙasa. Da farko in laimar ta leƙa hagu sai ta ɓace masa, ta faɗo tim. Ya zagi laima, ya zagi iska, ya sake ɗagawa. Sannu a hankali ya koyi wata dabara: in ya rasa ta, sai ya dubi sanda, ya nemo jan, ya bi igiyarsa da ido har sama. Kafin rumman ya nuna yana iya zagaya da ita sama duka, gefe zuwa gefe.

Sai ya ce zai shiga ruwa.

A nan muka yi rigimar da ba mu taɓa yi ba. Duk mai hawa a wurinmu ya san yadda maestral take: in ka ba ta baya, teku na damanka, tudu na hagunka. Fita ba za ta ba shi wuya ba. Dawowar ce ke ɓangaren da babu.

"In ka manta da mu fa?" na ce.

"Sai ki gaji rumfa."

"Yaya, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Mirsada, na gaji da kujera."

Jelka ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce in dai za a yi, Vuko ya bi shi a baya, kuma a bari sai baƙi sun ragu.

Ranar iska ta zo daidai, ba ƙarfi ba sanyi. Ni na ɗaga masa laima. Ya dubi sandarsa, ya gyaɗa mini kai, na saki. Ya shiga ruwa, ya saka ƙafa a katako, ya tsoma laimar dama. Tashi ɗaya ya miƙe, kamar bai taɓa kwanciya ciwo ba. Ruwa ya tsage fari a bayansa, kwalekwalen Vuko na binsa yana tsalle.

Ya yi ta tafiya. Ya wuce inda ɗalibai ke juyawa, ya wuce inda gwanaye ke juyawa. Laimarsa ta koma kamar farce a jikin sama. Jelka ta kama hannuna ta matse, ni kuwa duk addu'ar da na sani ta tsere mini, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Can sai ɗigon nan ya haura tsakiyar sama ya tsaya. Ya tsaya har na ce a raina shi ke nan. Sannan ya karkato, a hankali, ya gangaro hagu.

Mutanen da ke rumfunan maƙwabta duk sun fito, ban san wa ya gaya musu ba. Ba wanda ya yi ihu. Muna tsaye muna kallon laimar tana girma, har muka fara ganin mutum a ƙarƙashinta, fuskarsa a juye gaba ɗaya wajenmu, haɓarsa kan kafaɗar hagu. Haka ya taho bai kau da kai ba har katakon ya gogi rairayi.

Na kama laimar na kwantar. Ya zauna a ruwa mai iya gwiwa yana haki. Vuko ya kashe inji ya diro, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, idonsa jawur.

"Na yi ta kiranka har muryata ta dishe," ya ce. "Kurma ka zama kuma?"

"Ta hagu ka biyo ni, wawa."

Vuko ya juya ya koma wajen kwalekwalensa.

Na tsuguna kusa da shi na tambaye shi me ya tsayar da shi a can. Ya share gishiri daga fuska.

"Babu ƙasa, Mirsada. Ba wai na manta hanya ba, a'a. Ruwa ne kawai da sama, ba farko ba ƙarshe, kuma ban ji tsoro ba ko kaɗan. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Da zan iya tafiya a haka har abada." Ya dubi hannuwansa. "Sai na ga sandar rabi ce. Na ce a'a, ban taɓa hawa da rabin sanda ba."

Bai koma koyarwa a ruwa ba, Jelka ta tsaya kai da fata a kan wannan, shi ma bai ja ba. Amma ya hau sau da dama kafin iska ta ɗauke a ƙarshen kaka, kullum da Vuko a bayansa, ta dama. Da sanyi ya shigo muka kwashe kaya muka rufe rumfa, ya ce in raka shi gona, zaitun ya isa tsinka.