Daka a Gefen Tankin Tarwada

"Shatu, ɗaga turmin nan," in ji Malam Haladu daga kan tabarmarsa, muryar da ƙyar take fita.

Shatu maƙwabciyarsa ta tsaya da taɓarya a sama. Geron kununsa fa take dakawa, amma bawan Allahn nan tarwadarsa ce a ransa.

"Haba Malam, kai da ke kwance?"

"Ƙasa na kai musu dukan. In suka firgita sai su koɗe, su saki yauƙi, su taso suna haki. Ranar ko abinci kada a ba su."

Dokar gidan ke nan tun da ya gina tankin siminti a tsakar gida. Saboda dokar ne matarsa Ikilima take kai dakanta gidan Shatu, har suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Malam da Ikilima ba ɗa ba jika, kifin nan ne cinsu da shansu.

Da hantsin Laraba ya cika.

Ran sadakar uku dangin mamaci suka zo daga Roni. Inuwa suka nema, suka jera turame jikin tankin, ana lugude don gumba. Ikilima na ɗaki cikin takaba, tana jin kowane duka a ƙirjinta, amma ina bakin tsawata wa dangin miji?

Shatu ta shigo ta leƙa ruwan. Kifayen duk sun taso sun yi tsaye, baki a buɗe, baƙin jikinsu ya koma toka-toka. In suka mutu, me baiwar Allahn nan za ta ci har ta fita takaba?

"Inno, don Allah a yi haƙuri," ta ce wa babbar yayar mamacin. "A mai da dakan gidana."

"Saboda kifi?"

"Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan."

Inno ta share ido da gefen mayafi, ta jingine taɓaryarta.

Shatu ta sakar musu sabon ruwa a hankali, ta rufa zana. Uku sun riga sun kife, ta tsame su. Wata ta miƙo abincin kifi, Shatu ta girgiza kai.

Da la'asar Ikilima ta fito alwala, ta ɗaga gefen zanar. Sun koma ƙasa sun kwanta, gashin bakinsu kawai ke motsi. Ta tsaya da buta a hannu. Ta bayan katanga, daga gidan Shatu, ana jin daka sama-sama.