Janareta Na Kira

"Kira Bokiti," in ji Auta, karo na uku ke nan, ta kai wayar bakinta kamar za ta cije ta.

Wayar ta ɗan yi shiru, sannan muryar matar nan mai sanyi ta amsa da Turanci cewa ga shagunan da ke sayar da bokiti a kusa, na farko yana rufewa ƙarfe shida.

"Wa ya tambaye ki shago? Kai, wannan Kurma!"

Bokiti shi ne mai gyaran famfo, ruwa kuwa ba jiransa yake ba. Bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ne ya tsinke, yana feshi, har ruwan ya tsallake ƙofar kicin ya fara lasar kafet. Kuma ba haka kawai ya tsinke ba. Yaya ce ta fizgo babbar tukunya da ƙarfi za ta cusa a kwali, tukunyar ta tafi da bututun. Amma wa ya isa ya faɗa mata? Tana ganin ruwa ta damƙi hannun Auta ta dasa ta a kan kujera, wai kada ta motsa, za ta zame.

"Kin gani ko?" Yaya ta ɗaga murya daga kicin, tana tare ruwan da faranti. "Abin da nake faɗa ke nan. Yau da ba na nan fa?"

Auta ta haɗiye amsar da ta zo mata, don amsar ba ta da ladabi.

Shekarunta talatin da shida, tun tana 'yar tara idanunta suka rufe. Tana aikin tausa a sashen gashin ƙashi na asibiti, kullum ita kaɗai take hawa motar haya ta je ta dawo. Ɗakuna biyun nan na hawa na biyu ita da Inna suka zauna a cikinsu shekara goma sha huɗu. Wata huɗu ke nan da rasuwar Inna, Yaya ta yanke hukunci ita kaɗai: Auta za ta koma gidanta, ɗakin yara, gadon ƙasa. Motar kwasar kaya za ta zo ƙarfe huɗu. Auta ta ce a'a da baki, ta ce a'a a waya, ta aika a'a a rubuce, amma yau da sassafe sai ga Yaya da kwalaye da igiya.

Abin haushin, makamin da Auta take taƙama da shi, wato wayar nan, yau ya zaɓi ya kunyata ta. Muryoyi biyu ne a cikinta. Akwai mai karanta mata duk abin da yatsanta ya taɓa, da gudu kamar ana korarsa, ta sa masa Sarkin Surutu. Akwai kuma wadda ake ba umarni da baki, ta kira mutum ko ta rubuta saƙo, ita ce Kurma. A ranar da ɗaki yake shiru, su biyun suna yi mata aikin mutum uku. Yau ga ƙarar ruwa, ga Yaya.

Ta fasa kiran, ta ce bari ta aika saƙo. Ta lalubo sunan da yatsa, ta danna wurin magana, amma don ruɗewa ta manta Kurma ba ta jin Hausa.

"Ka zo yanzu," ta ce.

Sarkin Surutu ya karanto mata abin da aka rubuta. Kurma ta tsinka maganar gida biyu ta mai da ita Turanci: "car, zoo", wato mota, gidan namun daji. Auta ta kai yatsa za ta goge, hannunta a jiƙe, saƙon ya tafi.

"Na shiga uku."

"Kawo nan!" Yaya ta fito zaninta sharkaf, ta fizge wayar. Ta juya ta, ta girgiza ta. "Wannan ai a mace take. Allon baƙi ƙirin."

"Ni na kashe hasken. Me zan yi da shi?"

Yaya ta soma dangwalar allon. Duk inda ta taɓa sai Sarkin Surutu ya zabura da magana, amma ba abin da ya buɗe, don sai an taɓa sau biyu. Auta ta yi bayani, Yaya ba ta saurara ba, dama ba halinta ba ne.

"Ta lalace, na ce miki. Tsaya in kira ta ki ji."

"Yaya, kada ki..."

Ina! Ta riga ta ciro tata wayar ta danna. Ta Auta ta ɗauki ruri, Sarkin Surutu ya buɗe murya, wannan karon a tsanake, yadda kowa zai gane:

"Janareta. Janareta. Janareta."

Yaya ta kashe kiran, muryar ta yi shiru. Ta sake kira, don ta tabbatar.

"Janareta."

"Wace ce janareta?"

Auta ta miƙe tsam, tun da babu mai riƙe da ita yanzu, ta bi bango zuwa kicin, ruwa yana shiga tsakanin yatsun ƙafarta. Ta durƙusa, ta zura hannu can bayan kwalbar sabulu, ta kama makunnin da ke jikin bango, ta murɗa shi sau huɗu. Feshin ya zama ɗigo, ɗigon ya tsaya. Da an bar ta tun farko, da ko kafet bai jiƙe ba.

"Tambayarki nake," in ji Yaya daga bayanta.

"Kurma ce ba ta jin sunayenmu. In na ce kira Yaya, sai ta ɗauka 'eh, eh' nake cewa, ta tambaye ni eh me. Wata biyu ina fama. Shi ne na sa wa kowa sunan da kunnenta ke ɗauka."

"Shi ne duk kayan duniya kika rasa abin da za ki sa mini sai janareta."

"Ai in wuta ta ɗauke, ke ce..."

"Ƙarya kike. Don ƙara ne."

"Duka biyun," Auta ta ce a hankali.

Yaya ta ja tsaki mai tsawo. "Baban yara fa?"

"Filo."

Wani sauti ya kuɓuce wa Yaya ta hanci, ta yi maza ta mai da shi tari. "Kawu?"

"Lasifika."

"Allah ya shirye ki, Auta. Mutumin da ya riƙe mu!"

Auta ta karɓi wayarta, ta goge hannu a gefen riga. Ɗakin ya yi tsit. Ta murguɗa baki ta faɗi kalmar yadda Kurma ke so, a Turance, nan take kiran ya shiga. Mai gyaran famfo ya ɗauka yana dariya, ya ce ya ga saƙo, yana ta tunanin wace mota ce za ta kai shi kallon zaki. Ya ce a bar makunnin a rufe, yana tafe bayan awa ɗaya.

Auta ta ajiye wayar tana jiran a ce mata sannu. Yaya ba ta ce ba.

"Wannan bai canza komai ba. Mota na zuwa ƙarfe huɗu. Yau bututu ne, gobe gas ne. Ke kina nan da na'urar da ke aika mutane gidan namun daji, ni ina can ba na iya cin abinci. Inna ta kama hannuna a asibiti ta ce in kula da ke. Ni aka ce wa, ba waya ba."

"Cewa ta yi ki kula da ni, ba ta ce ki naɗe ni a kwali ba."

"Kul! Kada ki ƙara."

Yaya ta zauna a hannun kujera, kujerar ta yi ƙara. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Ita fa? Me kika sa mata?"

Auta ta ɗauki wayar, ta share allon da yatsa, sunaye suna wucewa da gudu, har ta tsaya a kan ɗaya. Sarkin Surutu ya karanta shi da harshensa da bai san a danne harafi ba:

"Ina."

"Inna na rubuta," in ji Auta. "Haka yake faɗa. Ita ban canza mata ba, don ban taɓa neman Kurma ta kira mini ita ba. Daga nan nake cewa Inna, ta amsa daga can." Ta nuna ƙofar ɗakin ciki da haɓa, daidai inda take. "A nan na san inda komai yake, Yaya. Na san inda take zama. In kika kai ni gidanki, sai an riƙa jan hannuna zuwa banɗaki, kuma wallahi sai na tsane ki. Ba na so in tsane ki."

Auta ta ji Yaya tana jan hanci, ta ji ta share fuska da gefen mayafi, da ƙarfi, irin na mai jin haushin hawayensa. Can sai ƙarar danna waya.

"Malam direba? Ka bar maganar motar nan tukuna."

Muryar mutumin ta fito siririya, yana tambayar sai yaushe.

"Zan neme ka," in ji Yaya, ta kashe. Ta miƙe, ta taka ruwan ta ja tsaki. "Dubi ɓarna don Allah. Ina kuke ajiye tsumma a gidan nan?"

"Bayan ƙofa, ta hagunki. Ƙugiya ta biyu."

Yaya ta miƙa hannu. Yana nan.