Wa Ya Tsara?

Ɗiyata ta zo duniya ba ta motsa hannu, ba ta motsa ƙafa. Ido kawai take bin mutum da shi. Ba ta daɗe ba ta koma.

Likita ya yi mana bayani, ni da mijina. Magana ɗaya na riƙe: wai ƙwayoyin jijiyar da ke sa jiki motsi sun mutu tun tana ciki, kuma irin wannan mutuwa tsara ta ake yi.

To wa ya tsara?

Na kasa zama. In hau keken ɗinki in sauka, in share ɗaki in sake sharewa, ina tuno duk wanda ya taɓa jikina. Lokacin da nake da cikin, yayata ce ke murza min baya da mai in na tashi daga keke. Ranar da ta kawo min abinci na tare ta a ƙofa.

"Yaya, me kike zubawa a man nan?"

Ta dube ni. "Autar Inna, ni kike tambaya?" Ta ajiye kwanon a ƙasa ta juya. Ba ta sake zuwa ba.

Hankalina bai kwanta ba. Na koma asibiti, na yi ta kai da kawo a baranda har likitan ya fito.

"Likita, ka ce tsarawa aka yi. Mutum ne?"

"Wane mutum kuma, baiwar Allah?"

Ya ja min kujera, na ƙi zama. Ya ce kowane ɗan tayi yana yin ƙwayoyin nan fiye da bukata. Waɗanda suka kai ga tsoka su rayu, kusan rabi su mutu da kansu. "Ke ma haka aka yi a jikinki, ni ma. Na ɗiyarki ne mutuwar ta wuce inda ya kamata ta tsaya."

"Man shafawa fa?"

"Ko a tukunyarsa kika kwana, ba shi ba ne."

Ban tsaya jiran mota ba, da ƙafa na isa gidan Yaya. Na same ta tana shanya. Ta amsa sallamata ba ta waiwayo ba.

"Yaya, daga wurin likita nake."

"Au, sai da likita ya wanke ni?"

Na ciro zani daga bokiti na miƙa mata. Ta bar hannuna a miƙe, ruwa yana ɗiga a ƙafata, ta ci gaba da matse wanda ke hannunta.